Biyar da Ɗigo Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau na buɗe ɗakin Auta. Wata biyu da kwana shida da rasuwarsa. Na ce wa Mama shara zan yi, ƙarya nake, kwamfutarsa na kunna. Takardar da ya manna a jikin akwatin kwamfutar tana nan, da mummunan rubutun nan nasa: "5.1. KADA A TAƁA. Musamman Yaya." Mara kunya. Sati uku ya kwashe yana ƙara wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu fiye da yadda kamfani ya tsara mata. Ran da ya kai ta 5.1 sai da ya yi rawa a falo. Ni kuwa cewa na yi ya je ya nemi aikin yi.

Laraba, 5 ga Maris

Gem ɗin da yake bugawa saura mataki biyu ya ƙare. A gadon asibiti ya gaya mini, bakinsa duk ya bushe. "Yaya, in na fito zan nuna miki ƙarshen." To ni zan ƙarasa masa, a kan kwamfutarsa, a gudun da ya bar ta. Minti goma sha biyu da farawa, ina tsakiyar wata gada a cikin gem ɗin, allo ya koma shuɗi, kwamfutar ta ɗauke ta sake tashi. Sau uku tana yi mini haka.

Alhamis, 6 ga Maris

Minti tara.

Asabar, 8 ga Maris

Na tsinci ɗan littafinsa a durowa, ƙarƙashin tarin cajoji. Komai ya rubuta, har da zanen inda kowane kusa yake. Wannan yaron da ko gadonsa ba ya gyarawa! Na bi shi layi-layi. Na kwance fanka, na share ƙura, na goge tsohon man da ake shafa wa firosesa don rage zafi, na sa sabo. Zafi ya sauko daga digiri 88 zuwa 79. Na sa mata manhajar gwaji, ta yi awa biyu cur ko gezau. Har na fara jin kaina.

Na shiga gem. Minti goma sha huɗu.

Na daki tebur har kofinsa ya faɗo. Bai fashe ba. Na zauna a ƙasa riƙe da shi ina ta kuka, ni da na ce na gama.

Talata, 11 ga Maris

A kantin maganin da nake aiki lafiya lau nake. Na ƙirga ƙwayoyi, na yi wa wani dattijo bayanin maganin hawan jini har sau biyu ban ƙosa ba. Abokiyar aikina ta ce ina da ƙarfin hali. Da ta gan ni a gaban allon nan.

Na ƙara wa firosesar wuta, daga 1.35 zuwa 1.38. A littafin ya ja jan layi a 1.40, ya rubuta "daga nan sai ƙauri." Minti ashirin ta yi. Tsoro nake ji, amma ai ashirin ta fi tara.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kinkimi kwamfutar na kai wa mai gyara, wanda shagonsa ke saman bene. Yana ganin akwatin ya washe baki. "A'a, ina mutumina? Ya ɓuya!" Sai da na gaya masa ya rasu. Ya ajiye sukundirebansa.

Ya gwada ta kusan awa guda, sannan ya ce, "'Yar'uwa, ba laifinki ba ne, gajiya ta yi. Shekara biyu tana shan wutar da ta fi ƙarfinta. Gwaji nauyi ɗaya ne bai canzawa, za ta daure. Gem kuwa yanzu nauyi, an jima sauƙi, a nan take faɗuwa. Ki sauke ta zuwa 4.8, za ta yi miki shekaru. In kika ƙara wuta kuma, to ki yi bankwana da ita."

Na ce ai shi a 5.1 yake bugawa.

"Ko shi ma tana ɗauke masa tun bara. Sau biyu ya kawo ta nan. Na ce ya rage, ya ce wai yayarsa za ta yi masa dariya."

Ban san yadda na sauko benen ba. Da zan yi masa dariyar kuwa, shi ne abin da ya fi yi mini ciwo.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban kunna ba. Haushinsa nake ji. Haushin kaina ya fi.

Litinin, 17 ga Maris

Bayan na dawo aiki na shiga saiti na rubuta 1.40. Yatsana yana kan maɓallin amincewa Mama ta shigo da wankakkun zannuwan gado. Ta dubi allon, ta dube ni.

"Ni ban san lambobinku ba. Kada dai ki ƙona masa abinsa."

Na fita daga saitin ban amince ba.

Laraba, 19 ga Maris

4.8. Na ɗan lokaci ne, don in gani kawai.

Awa uku ba ta ɗauke ba. Ashe ma ni ce ban iya gem ɗin ba. Sau goma sha ɗaya aka kashe ni a wuri guda, na ƙarshen ma ba wanda ya taɓa ni, da ƙafata na faɗa rami. Wani sauti mai kama da dariya ya kuɓuce mini, har Mama ta leƙo da sauri daga kicin, hannunta duk kumfa, ta tsaya tana kallona.

Na ce mata tari ne ya sarƙe ni.