Shanun da Ke Rabin Filinmu da Batun Korar Koci Abakar

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Usumanu, shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Dorinar Binuwai, da sauran 'yan kwamiti, unguwar Jambutu, Garwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, ina kuma fatan zafin Garwa na bana bai hana ka ɗan barcin rana ba. Ni ne Garba Direba, mai motar hayar da ke jigila tsakanin Garwa da Kuseri. Ko ba ka tuna fuskata ba, Alhaji, ka san muryata, domin ni ne mutumin nan da ke zama bayan raga yana gaya wa alƙalin wasa gaskiyar da bai tambaya ba. Fatauci ne ya kawo kakana garin nan daga ƙasar Kano, ubana a nan aka yanke masa cibi, ni kuma tun ina yawo da gajeren wando nake bin Dorina duk inda ta je, ta ci ko a ci ta.

Na yi ta sintiri ƙofar gidanka don mu yi maganar nan daga ni sai kai, amma kullum sai a ce kana hutawa ko yanzu ka fita. Ga shi kuwa labari ya cika gari cewa ranar Asabar kwamiti zai zauna don yanke hukunci a kan Koci Abakar, wasu ma sun ce an riga an gama, zama kawai ya rage. Shi ya sa na fito fili. Ka yi mini afuwa in harshena ya yi kaifi, aikin tasha ne ya wasa shi.

Na farko: yadda wuyana ya shiga maganar.

Lokacin da tsohon kocinmu ya tafi, kai da kanka ka same ni a tasha. Ka ce tunda hanyar Kuseri tawa ce, in je in lallaso mana Abakar, wanda yaransa na can ke lallasa duk wanda ya tare su. Na je. Shi Abakar bai ba ni wahala ba, mahaifiyarsa ce ta sa na yi gumi. Iya Falmata ke nan, tsohuwa mai sayar da busasshen kifi kusa da bakin kogi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da ni cikin Hausarta mai ɗanɗanon Larabci: "Direba, na san ku mutanen ƙwallo. Yau ku ɗora mutum a ka, gobe ku ajiye shi a rana. Shi kaɗai gare ni. In wulaƙanci za ku yi masa, bar mini abina."

Alhaji, na bugi ƙirji. Na ce mata mutanen Garwa ba haka suke ba, na ce za a ba ɗanta duk abin da aiki ke bukata, na ce in an yi masa ba daidai ba, ta kama ni. Da bakinka na yi wannan alkawari, don kai ka aike ni. Na ɗauko shi a kujerar gaba, matarsa da 'ya'yansa a baya, katifarsu a saman mota. Tun daga ranar, duk zuwan da zan yi Kuseri sai na biya wajen Iya, ta ƙulle mini kifi a takarda, ta tambaye ni labarin ɗanta. Yanzu fa na daina bin layinta. Ta bayan kasuwa nake zagayawa kamar wanda ya yi sata, ni da furfurata. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ba zan ɓoye ba, har kifin ma ina kewarsa.

Na biyu: abin da ake faɗa a majalisa.

Tun da aka fara kakar wasan nan muke shan kashi, wannan ba sai na gaya maka ba. A teburin mai shayin da muke zama bayan la'asar, mun rabu gida uku. Gida na ɗaya suna cewa koci ne bai iya ba. Shugabansu Buba Tela, abokina tun na ƙuruciya, mutumin da bai taɓa buga ƙwallo ta wuce inuwarsa ba, amma yana iya tsara maka 'yan wasa da ƙwayoyin sukari a kan tebur har ka rantse a Turai ya yi karatu. Gida na biyu suna cewa ko wa aka kawo ba zai iya da waɗannan yaran ba. Wai mai tsaron gidanmu, Dogo, hannunsa rariya ne, wai ɗan gabanmu ya girmi takardar haihuwarsa nesa ba kusa ba, wai 'yan bayanmu sun fi iya gaisawa da abokan gaba a kan tare su. Gida na uku kuwa ba ruwansu da koci ko 'yan wasa, su sun tabbata an binne mana wani abu a gindin raga.

Duk gidajen nan uku abu ɗaya ya haɗa su, wato ni. Sun raɗa wa koci suna Kayan Garba. Da na doso teburin sai Buba ya ɗaga murya, ya fara da gaisuwar aboki ta Fulatanci: "Sobajo, jam na? Yaushe za ka mayar da kayanka inda ka ɗauko? Ba irinsa muka aike ka ba!" Sai a kwashe da dariya, har da mai shayi, wanda ni na koya masa bambancin kwana da fenariti. Ranar da aka ci mu a gida wancan makon, na fito na tarar an rubuta a ƙurar gilashin motata, wai akwai wurin mutum ɗaya zuwa Kuseri. Na san rubutun Buba ko a duhu. Na yi dariya, don abin da ban dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Na uku: abin da kowa ya sani, ba mai faɗa.

Alhaji, akwai shanu a filin atisayenmu. Na faɗa, kuma sama ba ta faɗo ba.

Tun ƙarshen damina aka kawo garken ƙaninka, Alhaji Bello, aka ce za su ɗan huta a rabin filin na yamma kafin a wuce da su kudu ta hanyar Meiganga. Waɗancan sun wuce, wasu suka zo. Waɗannan ma suka wuce, wasu suka maye gurbinsu. Yanzu har turaku an kafa, an ajiye kwamin ruwa daidai inda ake buga fenariti, ragar yamma kuwa makiyaya ke shanya wanki a kanta. Saboda shanun na gidanku ne, kowa ya kama bakinsa. Na ga 'yan kwamiti da idona sun zo kallon atisaye, sun jera kujeru sun juya wa garken baya, suna tattauna rashin kuzarin yara, saniya na kuka a ƙeyarsu, ba wanda ya waiwaya. Kara abu ne mai kyau, da ita aka san mu, amma wannan karar ta kai mu gindin teburin gasa.

Ga yadda abin ke aiki. Yaranmu a rabin fili suke atisaye, raga ɗaya. A cikin garken akwai wani farin bijimi mai ƙaho kamar hannun kujera, wanda shi har yau ba a wuce da shi kudu ba, yaran suka sa masa suna Arbitir, wato alƙalin wasa, don da ya miƙe tsaye wasa ya tsaya. Ba ya son ƙwallo, ba ya son mai bin ƙwallo. Ya taɓa korar Dogo har kan katanga, kuma a ranar ne muka gane Dogo yana da tsalle. Sai yaran suka kafa wa kansu doka: duk wanda ya buga ƙwallo ta faɗa cikin shanu, shi zai shiga ya ɗauko. Dokar ta yi adalci, ba wanda zai ce ba ta yi ba. Amma ka duba abin da ta haifar. Wata da watanni ba yaron da ya ɗaga ƙafa ya buga ƙwallo mai nisa. Kowa ya koyi lallaɓa ta a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti.

Na huɗu: abin da ake gani ranar wasa.

Jiki ba ya manta abin da ya saba. Ranar wasa, abokan gaba sun taso mana, ƙwallo na ƙafar ɗan bayanmu, filin gaba a buɗe, mu muna ihu daga bayan raga, "Buga ta gaba! Fitar da ita!" Shi kuwa sai ya taka ta, ya waiga, ya miƙa wa na kusa da shi a bakin ragarmu, a ƙwace, a zura. Gida na biyu su ce ba shi da kai. Yana da kai, Alhaji, Arbitir ne a cikin kan. Ka lura da mai gudun gefenmu kuma. Yaron nan iska ne, amma da ya iso layin tsakiya sai ka ga ya rage gudu yana dube-dube. Sannan a dawo daga hutun rabin lokaci, duk su bi su sheme, don ba su taɓa gudun cikakken fili ba tun da aka girbe gero.

Ban ce yaranmu gwanayen duniya ba ne. Ɗan gabanmu dai kam ya ga jiya, ni ma ina tantamar takardarsa. Ban kuma ce koci ba shi da laifi ba. Yana jinkirin canza ɗan wasa har sai mun gama tsufa, kuma ya cika shiru. Babban laifinsa ma shi ne kunya. Na tambaye shi me ya hana shi kai kuka gare ka, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi baƙo ne, a gidan da ka ba shi yake kwana, da wane baki zai ce a kwashe dukiyar ƙanin mai gida. Haka Iya Falmata ta rene shi, kuma wannan tarbiyyar ce za ta ja masa kora ranar Asabar in ba a yi hattara ba.

Ku kawo duk kocin da kuke so, ko daga Yawunde ko daga bayan teku. In dai rabin fili za ku ba shi, rabin ƙungiya zai ba ku, sai dai in da Arbitir za ku sa hannu a kwantiragi, don shi kaɗai ne a filin nan ba a taɓa wucewa ta gabansa ba.

Na biyar: roƙona.

Ina roƙon ka, don girman Allah da girman zumunci, ka yi wa Alhaji Bello magana a matsar da shanun. Akwai fili bayan gari ta hanyar kogi, ciyawa ta fi yawa, ruwa ya fi kusa, su kansu shanun za su gode. In ana neman masu taya kora, ni zan zo, kuma zan taho da Buba Tela, a sa shi ta wajen Arbitir tunda ya iya tsara 'yan wasa.

Ina roƙon kwamiti ya ɗage hukuncin ranar Asabar, a ba Koci Abakar cikakken fili da raga biyu zuwa ƙarshen kakar nan. In an yi haka yaran ba su canza ba, ni da kaina zan tsaya a teburin mai shayi in ce Buba ya fi ni gaskiya, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

In kuwa kun ƙi, kun ce lallai sai ya tafi, to ba zan yi muku gardama ba, ƙungiya taku ce. Ni na kawo shi, ni zan mayar da shi, ba zan bari ya hau motar wani ba. Zan ɗaura katifar a sama kamar yadda na ɗauro ta. Amma wannan karon Abakar a baya zai zauna tare da iyalinsa, domin kujerar gaba taka ce, Alhaji. Zan kai ka har bakin kogi, in tsaya daidai rumfar Iya Falmata, in buɗe maka ƙofa da hannuna. Kai za ka gaya mata cewa an kori ɗanta saboda bai ci wasa ba, ka kuma gaya mata su wa ke kwana a rabin filin da aka ba shi. Ni na riga na yi mata magana sau ɗaya da bakinka, saura kai ka yi mata da naka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuriyarka, ya yalwata dukiyar Alhaji Bello, shanunsa su yi ta haihuwa, amma a wani filin. Allah ya ba kwamiti ikon yin adalci, ya ba Dogo hannu, ya shiryi Buba Tela, ya ɗaga Dorina daga inda take kwance.

Ranar Litinin ina da lodi zuwa Kuseri. Abin da kuka yanke ranar Asabar shi zai nuna mini hanyar da zan bi in na shiga gari, ko ta bayan kasuwa, ko ta layin Iya. Ina so in bi ta layin Iya, Alhaji. Na gaji da ɓuya wa tsohuwa.

Wassalam.

Naka mai biyayya, mai kuma yawan surutu,
Garba Direba,
Jambutu, Garwa.