Takardata Ce Ke Rataye a Ƙofar Dutsen Maitulu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Dutsen Maitulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba Alhaji, bayan gaisuwar ɗa ga uba, ina fata kana lafiya, da iyali, da sauran dattawan kwamiti. Allah ya ƙara girma.

Sunana Nafi'u, ɗan Malam Idi mai tumaki na gindin dutse, ni ne wanda duk gari ke kira Kurege. Na san da ka ji sunan za ka ce yau kuma wa zai tsokana. Yau ba wasa ya kawo ni ba, ko da yake ba zan rantse ba zai kufce mani a hanya ba. Allo na yi, ban yi boko ba. Da ajami na rubuta wannan, na kai shagon kwamfuta a Dutsin-Ma ina karantawa ana bugawa, don kada abin da ya sami takardata ta farko ya sami ta biyu. Na fito da ita fili ne saboda sau uku ina sallama a gidanka ana ce mani ka tafi Kurfi.

1. Ba ni da ja da ƙofar da kuka sa.

Tun da ɗalibai da mutanen birni suka gano dutsen nan, kowace Asabar sai an hau a yi hoto. Suna sauka su bar mana ledar ruwa da gwangwani. Ramin ruwan da ke can ƙololuwa, wanda muke kira Tulu, inda makiyaya ke shayar da maruƙa har cikin bazara, ya koma wurin wanke ƙafa da sabulu. Karsanar Ardo da ta kumbura aka yanka, a gabana aka ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Ni kaɗai na kwashe buhu huɗu na shara a damina ɗaya, ba wanda ya aike ni. Don haka da kuka gina ɗakin maigadi da banɗaki, kuka ajiye littafin rubuta sunan baƙi, kuka ce ba mai hawa sai da ɗan rakiya mai kati, na fi kowa murna. Yashin ginin ma da jakin babana aka ɗauko shi.

2. Wanda kuka ba katin.

Sadisu, ɗan ƙanen innata. Taubashina ne, don haka duk abin da zan faɗa a kansa al'ada ta ba ni dama, kada wani ya ce ƙazafi ne. Kun ba shi kati na ratayawa a wuya, da riga koriya mai sheƙi, da usur. Baba, ina ƙyashi, ban ɓoye ba. Malaminmu ya hana mu hassada, na yi istigfari ya fi a ƙirga, abin bai sauka ba. Ina zaune a kan dakali zan ga ya wuce yana busa usur ba dalili, 'yan mata na kiran shi "Oga Sadis," suna cewa ya tsaya a tsakiya a ɗauke su tare. Har tafiyarsa ta canza. Inna ma yanzu shi take fara zuba ma tuwo in ya zo gidanmu, wai ya sha aiki.

To wannan Oga, ni na fara hawa da shi dutsen. A Maƙogwaro, matsattsen wurin nan da ake bi a kaikaice, ya zauna yana kuka yana kiran innarsa, sai goya shi na yi. Abin da ya fi ni shi ne ya gama sakandare, ya iya cike fom ɗin Turanci. Amma fom bai gaya mashi akwai zuma a tsagar gabas ba, ga shi yana bi da baƙi ta nan, su kuwa sun sha turare. Bai san inda dutse ke santsi bayan ruwa ba. Yana kallo suke tsoma ƙafa a Tulu, don yana jin kunyar hana 'yan birni. Jan fentin nan da aka rubuta a goshin dutse, wanda ake hange tun daga hanyar mota, an ce mani sunan wata ne da na wani. To akwai na uku a ƙasa, ƙarami. A sa mai boko ya hau ya karanta maku, ni dai an ce mani da "S" ya fara.

3. Maganar kukan kura.

Ni ne. Ba sai an ci gaba da bincike ba. Bayan na yi wata biyu ina jiran amsar takardata ta neman kati shiru, ranar wata Asabar da hantsi na shiga kogon Rema da fasasshen tulu, na kafa baki a ciki na yi kuka sau biyu kacal. Duk wanda ya san dutsen nan ya san rabon kura da shi tun kakana na saurayi, kuma kura ba ta kuka da hantsi. Ɗan rakiyarku ya yar da usur, ya bar baƙi tara a tsaye, bai tsaya ba sai gonar Malam Sule. Ni na fito na sauko da su ta hanyar awaki, ba wanda ya ko gurje. Yarinyar da takalminta ya faɗa rami, washegari na shiga na ciro shi, yana nan ɗakin maigadi.

Na yi laifi, na tsorata bayin Allah, ina neman afuwa. Amma hukuncin da aka yanke, cewa kada in ƙara wuce ƙofa, ya yi mani nauyi. A kan dutsen nan na koyi tafiya. Wata guda ke nan ina kallon shi daga tsakar gida kamar hoton kalanda. Shi da ya gudu kuwa, sabon usur aka sayo mashi.

4. Abin da ya sami takardata.

Wannan shi ne ainihin kukana. Sakataren kwamiti, Malam Ashiru, yana ta faɗa wai ban taɓa neman kati ba. Na nema. Da aka raba fom bayan ƙaramar salla, na ga duk Turanci ne, sai na juya bayansa na rubuta buƙatata da tawada da alƙalamin kara, na fara da Bisimilla kamar yadda aka koya mana. Ba ni da ambulan, ga hadari ya taso, sai na ninke ta ƙanana na ɗaure da zare. Ban iske sakatare ba, na ba maigadi, Baba Ɗanjuma, na ce ga wannan na kwamiti ne, a adana.

Makon jiya na tsaya daga waje muna gaisawa, sai ga Baba Ɗanjuma yana ta sa mani albarka, wai tun da aka rataya layar da na kawo, ko kunama ba ta ƙara shiga ɗakin ba. Na ce wace laya? Ya nuna saman ƙofa. Ashe ya kai ma Malam Ashiru, shi kuma ya ɗan buɗe gefe, ya ga Bisimilla da baƙaƙen allo, ya ce ɗan Malam Idi ya kawo tsari don sabon gini, a yi maza a rufe kada a karya shi. Aka kai ma baduku ya ɗinke ta da jar fata, har da ɗan ado.

Baba Alhaji, duk cikin kwamitin nan ba wanda bai yi allo ba. Da an warware ta duka, da kowa ya karanta. Amma mun kai lokacin da in aka ga rubutunmu, ba a zaton mutum ne ke magana da mutum.

Abin da ya fi ci mani rai ma, Baba Ɗanjuma ya ce kullum da safe kafin Sadisu ya hau, sai ya miƙa hannu ya shafi layar ya shafa a fuska. Takardar da layi na biyar a cikinta ke cewa kada a ba Sadisu kati don bai san hanya ba.

5. Roƙona.

An ce ranar Juma'ar nan bayan masallaci za ku zauna ku rufe sunayen 'yan rakiya na bana. Kafin a rufe, ina roƙon a sauko da layar, a farke ta a gaban kowa, Liman ya karanta. Fom ɗinku ne, za ku ga hatiminku a ɗaya gefen.

A ɗage mani hanin wuce ƙofa. A kuma gwada mu ni da Sadisu a kan dutse, ba a kan takarda ba: a hau ta Maƙogwaro, a sauko ta hanyar awaki, dattawa biyu na kallo. Ban ce a karɓe katinsa ba, ko da yake zuciyata na so. A haɗa mu. Shi ya yi Turanci da baƙi, ni in riƙe hanya in tsare Tulu. Usur ɗin dai ni zan riƙe, tunda an ga yadda yake yi da shi.

In kuma an karanta kun ga har yanzu Kurege bai cancanta ba, to kada a yar da ita, akwai sunan Allah a ciki. A mayar ma baduku ya sake ɗinkewa, a rataya inda take. Baba Ɗanjuma ya ci gaba da barcinsa, taubashina ya ci gaba da shafawa, ni kuma in san akwai abu nawa guda ɗaya da kuka bari ya kwana a dutsen.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare mana garinmu da dutsenmu da dabbobinmu, ya kuma cire mani abin da ke cikin raina game da rigar nan.

Wassalam.

Ɗanka,
Nafi'u Kurege,
Gindin Dutsen Maitulu.