Keken Inna a Gwanjo

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da aikin nan naka da ba ya ƙarewa. Nan kowa ƙalau, sai gwiwata da ke ta yi mini tsiya.

Zauna tukuna. Na ga keken ɗinkin Inna! Wallahi shi ne. Maƙwabciyata a kasuwa, mai sayar da labule, ita ke duba kaya a wani shafin gwanjo na intanet, tana nuna mini hotuna, sai kawai ga keken a cikinsu. Ga ƙunar dutsen guga nan a gefen teburin, wadda ka yi kana ɗan mitsitsi aka dake ni a madadinka. Tun ranar da Kawu ya kira dillalin tsofaffin kaya ya kwashe ɗakin Inna muna tsakiyar kukan rashinta, ban daina neman keken nan ba. Duk shagon telan da na wuce sai na leƙa.

Maƙwabciyar ta yi mini rajista a shafin, amma na kasa gane kansa. Ina mai kayan? Wa zan ce wa "nawa"? Wa zai ce mini "albarka"? Kai ne ɗan boko, ka koya mini. Rubutowa na yi, don in na kira ka kuka ba zai bar ni in yi magana ba.

Ka gaida mai ɗakinka.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. A wurin aiki na buɗe hoton, sai da na fita waje na sha iska. Shi ne. Maganar ƙuna kuwa ina nan kan bakana, ke kika bar dutsen a wurin.

Ki karanta wannan a natse. A kasuwa mai kaya ke farawa daga sama, ki jawo shi ƙasa. A gwanjo daga ƙasa ake farawa, masu saye ke tura juna sama, kuma akwai lokacin rufewa. Wanda tayinsa ya fi a lokacin, shi ke ɗauka.

Za ki ga wani gurbi da ake rubuta iyakar abin da mutum zai iya biya. Ba mai ganinsa, har mai kayan. Shafin ne zai riƙa taya miki kaɗan-kaɗan. In wani ya ɗara ki, sai ya ƙara daidai yadda za ki wuce shi, har a kai iyakarki. In ba wanda ya bi ki har can, ba dukan kuɗin za ki biya ba. Don Allah, Yaya, ki rubuta na gaskiya, wanda ke cikin ranki. Ni zan cika miki ko nawa ne.

Da na karɓi abin da kaina, sai dai gobe za a tura mu aiki inda babu sabis, sai bayan an rufe zan dawo. Na san halinki, shi ya sa nake roƙo.

Naki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka ga wannan da wuri ba, amma dole in fesar.

Yaro man kaza! Ni, da furfurata, in faɗi kuɗina na gaskiya tun ba a zauna ba? A sayar da yadi na tsufa, ban taɓa ganin wanda ya buɗe jakarsa a gaban mai kaya ya tashi da riba ba. Wai ba mai gani. Kai ka leƙa ka tabbatar?

Na taya kaɗan, yadda ake yi. Kafin in ɗauke yatsana wani ya wuce ni. Ba shi da ko suna, harafi ɗaya ne da taurari. Na ƙara, ya ƙara. Na sake ƙarawa, ya sake. Mutumin nan ko banɗaki ba ya zuwa ne? Nan na gano wasan: yaron mai kayan ne, an sa shi ya hura mini wuta. To ni za a yi wa? Na kashe wayar na yi tafiyata. Ka san yadda ake yi, ka taka kamar ka fasa, kafin ka kai ƙarshen layi an kira ka. Bari su ji ni shiru, da kansu za su neme ni.

Na riga na share wa keken wuri a ɗakina, gindin taga, inda haske ke shigowa. Jiya na daɗe tsaye a wurin kamar wata sokuwa. Ina kewar matar nan, Auta.

Ka kula da kanka.

Yayarka

*

Auta,

Sallama. Ba wanda ya kira ni.

Ranar rufewa na kunna wayar a shago, da niyyar in yi tayin ƙarshe. Sai ga wata mata ta shigo, muka kama ja-in-ja a kan shafin riga, yadin nan da ake sawa daga ciki. Ina ta "albarka, albarka", ina jin daɗin kaina. Da ta fita na duba, an rufe. Mai taurari ya ɗauka.

Abin da ya ɗara ni da shi bai kai kuɗin shafin rigar nan ba. Abin da na ware a raina kuwa ya ninka abin da aka sayar da shi. Na ɓoye shi, har yanzu yana nan a ɓoye, me zan yi da shi?

Kada ka ce ai ka faɗa mini. Na rufe shago tun rana na sama.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Yau na dawo, na karanta duka biyun. Ba zan ce komai ba, ni ma na yi kukan.

Mutumin ba yaron kowa ba ne. Iyakarsa ya rubuta ya tafi harkarsa, shafin ne ya yi ta amsa miki. Na roƙi mai kayan ya isar masa da saƙonmu, cewa za mu saya ko nawa ya ce. Ga amsarsa nan a ƙasa. Ki yi haƙuri.

Auta

*

Zuwa ga 'yar mai keke,

Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya sa ta huta.

Baiwar Allah, ki gafarce ni, ba zan iya sayarwa ba. Ni tela ne. Gobara ta cinye shagona, na daɗe ina ɗinki a keken aro. Irin wannan na koyi sana'a a kai, kuma ƙarfensa ba a yin irinsa yanzu. Duk abin da nake da shi na rubuta a gurbin nan, ban rage ko na mota ba. Yanzu da shi nake sa ran ciyar da iyalina.

Sai dai ina da tambaya, in ba za ki ji haushi ba. Duk sanda na ɗora ƙafa na fara, sai ya tsinke zare. Na sa mai, na canja allura, duk a banza. Amma na ga alamar an daɗe ana aiki da shi lafiya. Yaya marigayiya take yi masa?

Na gode, a huta lafiya.

Tela

*

Malam Tela,

Ina amsa gaisuwa. Allah ya mayar maka da alheri.

Ba ya son gaggawa. Kada ka fara da ƙafa. Ka juya shi da hannu a hankali, ka riƙe bakin zaren da yatsa, sai ka ji ya kama kafin ka taka. Inna har magana take yi masa, "haba dattijo, tashi mana", amma wannan ba dole ba ne.

Na bar maka shi, Allah ya sa albarka. Abu ɗaya nake roƙo. In ya tashi yana gudu sosai, ka ajiye wayarka a kan teburin ka ɗauko mini ƙararsa. Kada ka yi magana a ciki, ka bar shi ya yi tsawo.

'Yar mai keke