Jinin Matan Madi

Zuwa ga yayata Phulmati,

Ina taɓa ƙafafunki daga Kathmandu, ina gaida yara. Didi, yayata, ɗakin binciken da nake aiki na neman rigakafin zazzaɓin ƙwaron ciyawa, wanda ya kashe 'yarki Rupa. Muna bukatar jinin waɗanda suka warke. Matan garinmu Madi maganarki suke ji. Likita Basnet zai jagorance mu zuwa can bayan girbin shinkafa.

Ƙaninki, Hiralal

Hiralal,

Albarka gare ka. Basnet ka ce? Kana makaranta lokacin, bari ka ji. Shi na kai wa Rupa jikinta kamar garwashi. Na ce, "Likita, akwai baƙin tabo a hammatarta." Bai ɗaga hannunta ba. Ya ce, "Ku dai ku koyi wanka," ya ba mu maganin ciwon kai. Bayan kwana shida muka ƙone gawarta a bakin kogi, tana shekara sha ɗaya. Bari ya zo. Ko ɗigo ba zai samu ba.

Yayarka

Didi,

Na gaishe ki. Gida arba'in aka rufe mana ƙofa, tsohuwa Dukhni har ta sakar wa Basnet kare. Na tambaye shi zancen Rupa, ya ce bai tuna ta ba. Amma in aka rufe aikin, yaran Madi ne za su ci gaba da mutuwa, ba shi ba. Me kike so?

Hiralal, cikin ladabi

Hiralal,

Ka zauna lafiya. Bai tuna ba? To, zan tuna masa. Ya cire takalman robarsa da safar hannu, ya bi mu yankan ciyawar awaki a inda ƙwaron ya cije ta, yini guda. Sannan ya faɗi sunanta da abin da ya yi gaban mata duka. Kai kada ka zo.

Yayarka

Hiralal,

Gaisuwa. Ya zo ƙafa ba takalmi, ya yanki damin ciyawa uku. Dukhni ta ce, "Likita, ka yi wanka kuwa?" Bai ɗago kai ba. Sunan ya maƙale masa sau biyu kafin ya fito. Mata talatin da ɗaya sun ba da jini, ni ce ta ƙarshe. Ban yafe ba. In zazzaɓi ya kama shi cikin kwana goma, ka rubuto mini kafin kowa.

Phulmati, uwar Rupa