Gaisuwar Urdu a Hawa na Biyar

Bronx, New York
Lahadi, 10 ga Oktoba, 1971

Zuwa ga aminina Malam Shitu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya Ladi da jikoki. Yau na tashi da sauƙi, sai dai ƙafar hagu a kumbure take, idanu kuma kullum ƙara dusashewa suke yi. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ɗana Rabi'u ba ya nan. Ofishinsu ya tura shi Geneva, sai bayan sabuwar shekara. Shi ya kawo ni neman magani, ga shi yanzu ni kaɗai ne a hawa na biyar, lif ɗin gidan kuma kullum a lalace. Bayan Allah, wanda ke riƙe da ni shi ne Mizanur, mutumin Dhaka ta Gabashin Pakistan, ma'aikacin wani kantin magani. Kowace safiya yakan hawo ya auna mini allurar ciwon sukari ya yi mini, domin ba na ganin layukan jikin sirinjin. Turanci muke yi da shi. Tun da sojan Pakistan suka far wa garinsu ya rage magana.

Bari in ba ka dariya. Urdun nan da malaminmu ya koya mana a barikin Indiya kafin a kai mu yaƙin Bama, ashe bai ɓace mini ba. Akwai dattawa biyu a gidan nan. Hashmi haifaffen Delhi ne amma ɗan Pakistan. Lal mai sayar da jarida haifaffen Lahore ne amma ɗan Indiya. Raba ƙasa ya musanya musu gari. A ɗakina suke zama suna musun wa ke da Urdu. Hashmi ya ce harshen Musulmi ne, ga haruffan Larabci, kuma Pakistan ce ta ba shi gida. Lal ya ce a kasuwannin Delhi aka haife shi, Farisanci riga kawai ya ara masa, shi ma da ba Musulmi ba da shi yake rubuta wa ƙanwarsa takarda. Ni kuwa na ce an gaya mana sunan na Turkawa ne, ma'anarsa sansanin mayaƙa, don haka namu ne mu tsofaffin soja. Da Urdun suke zagin juna, da shi suke shiryawa.

Ka gaishe da kowa.

Naka,
Lado

Alhamis, 11 ga Nuwamba, 1971

Malam Shitu,

Barka da shan ruwa. Yaya iyali? Ni likita ya hana ni azumi, jiri kuma ya dame ni tun Litinin.

Na yi ɓarna, Shitu. Na daɗe da lura cewa in Mizanur da Hashmi suka haɗu a matakala ba sa gaisawa. Abin ya tsaya mini a rai: Musulmi biyu, 'yan ƙasa ɗaya, a watan Ramadan. Sai na yi abin da kowane dattijo zai yi a gida. Na gayyace su buɗa baki ba tare da na gaya wa ɗaya cewa ɗayan zai zo ba, na zuba shinkafa a kwano guda. Da Mizanur ya shigo, na tarbe shi da gaisuwar Urdu mafi kyau da na iya, don in girmama shi da abin da na ɗauka harshen ƙasarsu ne. Na ƙara da cewa masu harshe ɗaya ba sa gaba.

Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ya dubi Hashmi, ya dube ni, ya ajiye kwalbar magani a kan tebur, ya sauka. Ko dabino bai ɗauka ba.

Lal ne ya fahimtar da ni washegari. Ya ce mutanen Mizanur Bangali suke yi, kuma tun shekarun baya aka harbe ɗalibansu a titi saboda sun ƙi a ɗora musu Urdu. Ya ce soja sun tafi da wan Mizanur a Dhaka, kuma da Urdu suka buga ƙofa. Mu ma a gida mun ga lokacin da harshen mutum ke jawo masa mutuwa a tasha. Me ya rufe mini ido?

Tun ranar Mizanur bai hawo ba. Na roƙi Lal ya auna mini allurar, ya ce hannunsa rawa yake, yana tsoron kada ya kashe ni. Hashmi kuma idonsa bai fi nawa ba. Ni nake yi da kaina, in kai sirinjin bakin taga in yi ta ƙura ido. Likita ya ce in ta yi yawa mutum sai ya sume, in ta yi kaɗan ma haka. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Lado

Asabar, 18 ga Disamba, 1971

Aminina,

Ina gaisuwa, ina fata an yi Salla lafiya. Ni jiki ya ƙi. Ran Talata da rana na faɗi a banɗaki, ban san iya lokacin da na yi a kwance ba. Sanyin ƙasa ne ya farkar da ni. Ba wanda ya ji.

Ka ji a rediyo Indiya da Pakistan sun gwabza, Dhaka ta fita daga hannun Pakistan. Tun da aka fara yaƙin, Hashmi ya rufe ƙofarsa. Lal ya daina hawowa, wai ba ya son su haɗu. Musun da nake yi wa dariya ya ƙare, ɗakina ya yi tsit, sai ƙarar bututun ɗumama ɗaki.

Ba mutuwar nake tsoro ba, Shitu, ka san abin da muka gani a daji. Tsorona a daɗe ba a sani ba, sai wari ya kira maƙwabta, waɗansu baƙi su ɗauke ni ba wanka ba salla. Na ƙi gaya wa Rabi'u don kada ya bar aikinsa. In ka ji shiru, ka je ka shaida wa ƙanwata Hajara da bakinka, kada ta ji a wurin wani.

Jiya na yi ƙarfin hali na buga waya kantin. Na ba Mizanur haƙuri da Turanci, na ce jahilci ne, a zamanin da na san ƙasarsu ba a raba ta ba. Ya ce har yanzu ba a ga wansa ba, ana ta tono gawawwaki a bayan gari. Ya ce ya san ban yi da nufi ba, amma in ya tuna ɗakina gaisuwar Urdun nan yake ji. Duk da haka ya ce zai zo yau da safe. Na share ɗaki, na dafa shayi, na bar ƙofa a buɗe. Ban taɓa allurar ba, ina jiransa.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Lado

Ƙari: La'asar ta wuce, hasken taga ya tafi. Bai zo ba. Zan auna allurar da ka, tunda ba na ganin layukan.