Hantar Mama Ta Ɗauki Zafi

Houston, 3 ga Oktoba

Yaya Khiem,

"Ki bar min wannan, Nhung. Ni ne babba. Kafin mako ya zagayo zan zaunar da kowa in faɗa musu." Haka ka ce a ƙofar ɗakin da aka kwantar da Mama, ranar da likita ya ce sankarar hanta ce, kuma a gwada dukan 'ya'yanta. Yau mako bakwai ke nan.

Bayan haka, ina gaishe ka. Yaya jikin Mama? Tana iya shan kunun shinkafar? Yaya matarka Thuy da yara, yaya kamun jatan lande? Ina fatan garinku Biloxi lafiya.

Ni ma lafiya, in mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya cewa haka. Na je an gwada ni, ban jira ka ba. Likita ta ce tun ranar da Mama ta haife ni nake tare da ita, kuma da wuya in ba haka abin yake gare ka da autanmu Loc ba. Ba sai mutum ya sha giya ba. Ƙwayar tana zaune shiru shekara arba'in, hamsin, tana cin hanta, rana ɗaya ta zama abin da ya kwantar da Mama. In an gano da wuri akwai magani, ana kuma ɗaukar hoton hanta duk wata shida.

Na nemi asibitin su ba ni tsofaffin takardun Mama. Akwai guda ta shekara tara da suka wuce. An gwada ta, an samu ƙwayar. A ƙasa likita ya rubuta cewa ya yi wa ɗanta bayani, wanda shi ya yi tafinta, ya kuma ce a kawo dukan 'ya'yanta. Mama ba ta jin Turanci, Yaya. Kai ne bakinta, kai ne kunnenta. Na tuna abin da ka faɗa mana a waya ranar: hantarta ta ɗan ɗauki zafi, ta rage soye-soye. Shekara tara tana dafa ganye mai ɗaci tana sha, tana gaya wa matan coci ɗanta ya ce ba komai.

Tun da na karanta takardar nake jera wasu abubuwa. A waccan shekarar ka daina shan giya, ka ce alkawari ka yi wa Maryamu Mai Tsarki a coci. A shekarar ka fara zuwa New Orleans sau biyu a shekara sayen kayan injin jirginka, alhali kantin yana bayan gidanka. Akwai kuma kwalbar maganin da na gani a motarka, an kankare sunan, ka ce na hawan jini ne. Mai hawan jini ba ya kankare suna.

Ban ce na tabbata ba. Ka rubuto ka ce na yi kuskure, zan ji daɗi.

Ka gaida Mama, ka ce mata ina tafe.

Ƙanwarka,
Nhung

Houston, 14 ga Oktoba

Yaya Khiem,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji Mama ta ɗan zauna a kujera jiya, na gode Allah. Wasiƙarka ta iso, layi biyar, babu layin da ya ce na yi kuskure.

Ka ce a bari sai an ɗaura auren 'yarka Linh a Janairu, don in dangin mijin suka ji za su ware mata kwano da tsinken cin abinci, ko su fasa. Ba a ɗaukar cutar a kwano, ka sani. Linh kuwa a ƙasar nan aka haife ta, an yi mata rigakafi tun tana jaririya. Wannan ma na tabbata ka sani, don da alama ka riga ni karatun da shekara tara.

Ka kuma ce in Mama ta ji ita ta ba mu cutar, baƙin ciki zai kashe ta kafin sankarar. Wannan kaɗai ya sa na ajiye wasiƙar na yi kuka. Amma matar da ta gudo da mu daga ƙasarmu, ta haye teku a cikin kwale-kwale, ba ita ba ce za ta zaɓi kwanciyar hankalinta a kan ran autanta. Ba ka taɓa tambayarta ba.

Da na ga ba ka da niyya, na kira Loc da kaina na faɗa masa komai. Dariya ya yi. "Malama, ke da littattafanki," in ji shi. "Kullum sai kin tono wa mutum ciwo a shafi na ɗari biyu. Bari in tambayi Yaya." Bayan awa ɗaya ya kira ni: "Yaya ya ce ki sha ruwa ki huta." Ka san ba ya jin maganar kowa sai taka, tun da kai ka raine shi bayan rasuwar Baba. Da kalma ɗaya za ka iya tura shi asibiti, sai ka mayar da ni abin dariya. Matarsa ta gaya min ya rame har ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa tun bazara, yana dawowa daga walda ya kwanta bai ci abinci ba. Wataƙila gajiya ce. Kai za ka iya rantsewa?

Shekaranjiya na karɓo nawa maganin. Na zuba ƙwaya ɗaya a tafin hannu, na daɗe ina kallonta. Launinta da siffarta irin na cikin motarka ne sak. Ina so ka rayu, Yaya, na ma yi murna kana sha. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne kana sha kowace safiya, sannan ka zauna teburi ɗaya da mu kana zuba mana miya.

Ranar Lahadi 26 ga wata za a taru a gidanka don tunawa da rasuwar Baba. Kawunnai za su zo, surukan Linh ma ka gayyace su. Kana da har Juma'ar da ke gabanta ka ɗauki Loc a motarka, ka kai shi a ɗebi jininsa, ka turo min hoton takardar. In ka yi, zan zo in kunna turare, in ci abinci, in wanke kwanuka, bakina a rufe, mu biyu kuma mu shiga wurin Mama mu faɗa mata a hankali.

In Juma'a ta wuce ban gani ba, bayan addu'a zan miƙe a gaban hoton Baba in karanta takardar likitan nan da harshenmu, kalma bayan kalma, har wurin da ya ce ɗanta ne ya yi tafinta. Na riga na fassara ta. Kada ka aiko Thuy ta ba ni haƙuri, ba zan ɗaga wayarta ba.

Ina gaishe da kowa. Ka shafa wa Mama man zafi a ƙafa, tana jin kunyar tambaya.

Ƙanwarka,
Nhung