Tamanin ɗin Shafi na Goma Sha Huɗu

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya ƙarfin jiki, ya kuma gwiwar nan da ke hana ki sakat? Ina fatan kina shan maganinki, don na san halinku na tsofaffin nas-nas, ku ɗura wa duniya magani ku manta da kanku. Mu nan lafiya lau, maman yara tana gaishe ki.

Dalilin wannan takarda shi ne in shaida miki sakamakon 'yarki ta wajena, Kwamanda, ya fito. Ta ci maki saba'in da shida cikin ɗari a jarrabawar shiga jami'a. Ranar ko ƙannenta da take juyawa kamar kuratan soja sai da suka yi mata tafi. Sai dai kin san burinta tun tana riƙe miki jakar asibiti, ita karatun haɗa magunguna take so. To, jami'a ta ce sai mai tamanin.

Ba a bakin wani na ji ba, Yaya. Maɗaba'armu ce ke buga musu littafin ƙa'idojin shiga, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ni nake tsara shafukansa a kwamfuta. Tamanin ɗin nan da yatsana na buga shi, a shafi na goma sha huɗu. Na ɗauko littafin na buɗe mata a kan teburin falo, na ɗora yatsanta a kan lambar. Ta yi kuka, ta roƙe ni in bar ta ta gwada sa'arta. Na ce mata fom ɗin fanni ɗaya tak yake karɓa, in suka watsar da ita shekara guda ta tafi a banza. Na sa ta cike ilimin tsirrai, wanda sittin da biyar suke nema. Ban tashi daga gefenta ba sai da na ga ta tura.

Yanzu bari ki sha dariya. Kin tuna maƙwabcinmu bakanike, mai garejin bakin titi? 'Yarsa, ƙawar Kwamanda, wadda muke kira 'Yar Waya don ko wanka za ta shiga da wayarta take shiga, sittin da bakwai ta lallaɓo. Wai ita ma haɗa magunguna ta cike! Don zumunci na ɗauki littafin na kai masa har gareji. Ya fito daga ƙarƙashin mota, ya karɓa da hannunsa duk baƙin mai, ya juya shi gaba da baya kamar mai neman inda ake kunna shi, ya miƙo mini ya ce, “Malam, ai takarda ce. In ba sa son ta, su faɗa mata da bakinsu.” Kin ji jahilci tsirara. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu a karatu sun zauna sun auna sun yanke lamba, shi kuma mai sifana a hannu zai gyara musu. Na yi tsaki na dawo, shafin nan har yanzu da shatin yatsunsa.

Ki sa 'yarki a addu'a. Fushin yarinta ne, zai wuce, wata rana ita za ta gode mini.

Naki ƙane,
Ɗan Waƙafi (kamar yadda kika laƙaba mini)

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da ke da mutanen gidan. Na samu amsarki, na kuma ga inda kika ce da na bar yarinya ta ƙwanƙwasa ƙofar da take so. Ban ji daɗin maganar ba a lokacin. Yau ga ni na dawo miki da kai a sunkuye.

Sunaye sun fito makon jiya. An ɗauki Kwamanda a ilimin tsirrai. An kuma ɗauki 'Yar Waya a haɗa magunguna, da sittin da bakwai ɗinta. Da farko na ce ƙarya ne, sannan na ce bakanike ya gyara wa wani babba mota kyauta. Sai Kwamanda ta miƙo mini jerin a wayarta. Na ƙarshe a jerin sittin da huɗu gare shi. Da ta cike abin da take so, da ita ce ta biyar daga sama.

Washegari na nemi izini a wurin aiki na tafi ofishin ɗaukar ɗalibai. Doguwar baranda ce da benci ɗaya mai ƙafa uku, an tokare ta huɗun da tsofaffin fayil. Iyaye sun fi talatin a tsaye, kowa da ambulan a hammata. Sakatariya tana bayan taga mai ƙarafa tana kallon fim a waya, in ka yi sallama sai ta ɗaga yatsa ɗaya, wato ka jira a gama kuka a fim ɗin. Awa uku na yi kafin a shigar da ni wurin babban jami'in.

Na san shi sarai. A maɗaba'a Mai Turare muke ce masa, don in ya shigo sai ƙamshinsa ya danne warin tawada har washegari. Shekara goma sha ɗaya ina gyara masa kurakuran rubutu a gabatarwar da yake sa wa hannu, amma mutumin nan kallon baƙo ya yi mini. Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya jingina da kujera, ya yi murmushin da ake yi wa yaro mai tambayar ina rana ke kwana, ya ce, “Ai tamanin ɗin manuniya ce kawai. Mutane sun tsorata ba su cike ba, kujeru sittin gare mu, dole muka sauko. Ba ku karanta ƙasan shafi ba ne? Matsalarku ke nan, ba ku karatu.”

Yaya, a ƙasan shafin akwai layi ɗaya da ke cewa makin na iya sauka ko hawa gwargwadon yawan masu nema. Ni na buga shi. Shekara huɗu da suka wuce wannan mutumin da kansa ya tsaya a bayana ya ce in ƙanƙance shi don yana ɓata kyan shafi. Na yi ta rage shi yana cewa ƙara, har ya koma kamar ƙwan kwarkwata. Tun daga ranar idona bai sake sauka a kansa ba. Na tambaye shi ko za a iya sauya mata fanni tunda makinta ya fi na mutum hamsin da biyar da suka ɗauka. Ya duba agogo ya ce an rufe, doka doka ce. Ashe sun san doka. Wadda za ta rufe ƙofa ita ce ta ƙarfe, wadda suka buga wa jama'a kuwa ta roba ce.

Gida kuma ba daɗi. Kwamanda ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi. Tana gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙon uba. Da safe ita da 'Yar Waya suke fita tare, a ƙofar jami'a ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu. Bakanike kuwa ya zo har falo ya yi mini jaje, ko kalma ɗaya ta gori bai yi ba. Na kasa haɗa ido da shi.

Ki gafarce ni da dogon surutu. A gaida kowa.

Ƙanenki,
Ɗan Waƙafi

*

Yaya mai haƙuri da ni,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jiki? Na ji an sauya miki magani, Allah ya sa a dace. Ki yi haƙuri da shiruna na watannin nan, ga dalili.

Lokacin buga sabon littafi ya zagayo. Mai Turare ya shigo da fayil a hannu, maigidanmu yana biye da shi yana washe baki kamar an kawo masa amarya. Aka jawo masa kujera kusa da tawa. Muka bi shafuka har muka iso na goma sha huɗu, sai na tambaye shi lambar bana. Da na ɗauka zai buɗe fayil ya fito da takardar wani kwamiti mai hatimi. Wallahi Yaya, waya ya ciro. Ya kira wani ya ce ya duba masa nawa jami'ar da suke gasa da ita ta sa wa haɗa magunguna. Aka ce tamanin da biyu. Ya kashe waya, ya kalli silin, ya ce, “Sa tamanin da biyar. Ba za su fi mu daraja ba.”

Kin ji yadda ake haihuwar lambar da na sa 'yata ta ɗora wa yatsa. Ba taro, ba lissafi, kishi ne da kallon silin. Na daure na ce ranka ya daɗe, ai bara da sittin da huɗu aka shiga. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wa maigida, “Ma'aikacinka bai san talla ba. Wa ke rataye tsumma a gaban shago?”

Da suka fita na zauna ina kallon shafin. Na buga tamanin da biyar ɗin yadda ya ce. Sannan na ɗauko layin nan na ƙasa, na dawo da shi daidai ƙarƙashin lambar, na ƙara masa girma da kauri har ya fi ta. Ban ƙara ko waƙafi ba, maganarsu ce. Da kwafin gwaji ya fito na kai masa da hannuna ya duba. Ya buɗe shafin farko, ya daɗe yana nazarin hotonsa, ya ce a ɗan haska masa fuska, ya ƙirga haruffan digirorinsa ya ga sun cika, ya sa hannu a kan duka littafin. Mutumin da ya ce ba ma karatu ke nan.

Muka buga dubu takwas. Kwana tara da kai musu sai ga shi ya faɗo maɗaba'a ko turaren bai tsaya fesawa ba, wai na gaba da shi ya kira shi ya wanke shi tas. Ya ce na yi wa jami'a zagon ƙasa, na zubar mata da mutunci. Na nuna masa sa hannunsa. Ya ce shi ba ya da lokacin karanta kowane shafi. Maigida ya ga aikin shekara zai kuɓuce masa, nan take ya ɗauke ni daga kwamfuta ya mayar da ni injin yankan takarda a bayan shago, inda na fara aiki ina saurayi. Da wani ne da kora ce, in ji shi.

Maganin da masu ilimin suka samo shi ne a dawo da littattafan, a yanka 'yan fararen takardu masu gam a liƙe layin. Ni na yanka su, ni na liƙa su, dubu takwas, har fatar babban yatsana ta saɓule. Ban yi musu gardama ba, don na san ɗan Adam. Littafin na isa makarantu, abin da kowane yaro ya fara yi shi ne sa farce ya ɓare ya ga me aka ɓoye. Layin da shekara huɗu ba wanda ya gani, bana har masu gadin makaranta sun haddace shi.

Bayana yana ciwo saboda tsayuwa, amma ban yi nadama ba. Nadamata ta bara ce.

Naki,
Ɗan Waƙafi

*

Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Wannan gajeruwa ce, don na san labarin ya riga ni isowa. Maman yara ta faɗa mini ke kika fara sani, ita ta biyu, ni na ƙarshe. Ban ga laifinku ba.

Ashe Kwamanda ta sake zama jarrabawa ban sani ba. Saba'in da huɗu ta ci, ƙasa da na bara, ta kuma cike haɗa magunguna a ƙarƙashin tamanin da biyar ɗin Mai Turare. Bana masu nema sun yi yawa, an tsaya a saba'in da ɗaya. An ɗauke ta. Za ta koma aji ɗaya, 'Yar Waya tana gabanta da shekara. Shekarar nan ni na cinye mata, ni da wancan mai kallon silin, kuma na ji an ƙara masa girma.

Jiya ta zo maɗaba'a da kanta, ta same ni a bayan shago cikin tarin yankakkun takardu. Ta daɗe tana kallon injin da yatsana, sannan ta ce ranar Litinin za ta yi rajista, tana so in raka ta. Amma da sharaɗi biyu: in tsaya a waje, kuma kada in karanta mata komai da aka manna a bango. Na ce na yarda.

Ki gaida mutanen gida, Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Ɗan Waƙafi